Yadda Na Mayar wa Rigar Madam Yamutsarta

Ban taɓa shan wahalar aiki irin ta waɗannan kwana ukun ba. Na yi dako a kasuwa, na haƙa rijiya, na hau bene hawa huɗu da kwanon siminti a ka lokacin da ake ta gine-gine a garin nan, amma duk ba su kai yamutsa riga ɗaya wuya ba. Yamutsawa na ce, ba gogewa ba. Wanda bai taɓa riƙe dutsen guga ba zai ɗauka wasa nake yi.

Shekara ashirin da bakwai ina wanki da guga. Makaranta a aji uku na tsaya, Turancina bai wuce na gaisuwa da sunayen kaya ba, amma in aka zo maganar tufa ba na tsoron kowa. Na san shaddar da ke son zafi da wadda ke son lallashi. Na san leshin da in ka ɗora masa dutse kai tsaye zai narke ya bar ka da dogon bayani. Karin wandon da na fitar, mutum zai yini a ofis, ya sha cunkoson hanya, ya dawo gida, karin yana nan tsaye. Abu ɗaya na sani a duniya: tufar da ta yamutse ba ta da lafiya, ni ne kuma mai maganinta.

A Ushafa nake zaune da iyalina, don can ne haya ba ta yanka mutum, aikina kuma yana wani layi a Gwarimpa. Wata mata ce, kowa Madam yake ce mata, ta ba ni ɗan ɗaki a bayan gidanta shekara tara da suka wuce. 'Yar Filato ce, ma'aikaciyar gwamnati, doguwa mai murya. Ɗakin na da soket, da tebur, da taga ɗaya, in an ɗauke wuta kuma janaretan gidan na kaiwa can. Makullinsa na wuyana a igiya. Gida goma sha ɗaya ke kawo mini kaya a ɗakin nan, kuma ba don kyan fuskata ba. Madam ce shugabar matan layin. Mai kifin da ta ce na kirki ne, kowa wurinsa zai saya. Telan da ta ce ya ɓata mata yadi, har yau ban san garin da ya koma ba.

Mijinta, Oga, ya riga ta yin ritaya. Mutum ne mai son zaman lafiya. Yana da kujera ɗaya a falo da jarida ɗaya, in murya ta tashi a gidan sai jaridar ta tashi ita ma ta rufe masa fuska.

Ranar wata Alhamis da damina, Madam ta tafi Jos, Oga ya leƙo ɗakina da wata 'yar jaka a hannu, ba ta fi safa girma ba. Ya ce 'yarsu da ke ƙasar waje ce ta aiko wa uwarta riga, ita za ta sa ranar Lahadi a coci, a bikin godiyar ritayarta. Ya zazzage jakar a tebur. Wani abu ya faɗo a murɗe kamar hanji. Da na warware sai na ga doguwar riga ce shuɗiya, launin baba, yadi mai taushi, amma tun da nake ban taɓa ganin tufar da aka wulaƙanta haka ba. Daga wuya har ƙasa babu wurin da za ka ɗora ɗan yatsa ba ka taɓa tamoji ba. Kamar tsumman goge mota da ya yi mako a aljihun kwandasta.

Oga ya ce in dubi yadda masu jirgi suka yi da kayan mutane. Ya ce in taimaka in gyara kafin ta dawo, kada ta gani ranta ya ɓaci. Na ce ya bar mini, ya je ya karanta jaridarsa.

Gaskiya na ga 'yar takardar da ke liƙe a wuyan rigar. Akwai hoton dutsen guga an ja masa layi biyu, da rubutun Turanci a ƙasa. Na sha ganin hoton nan. A wurina ma'anarsa ita ce a bi a hankali, don 'yan koyo ake yin sa. Na jiƙa farin hankici, na shimfiɗa a kai, na rage wuta, na ce bismillah.

Awa huɗu muka yi da rigar nan. Ban taɓa haɗuwa da tufa mai taurin kai irinta ba. In na danne nan, sai can ya tattare. In na koma can, sai nan ya fara dawowa a hankali kamar yana leƙe ko na tafi. Na yayyafa ruwa, na sake yayyafawa, da na ga abin ya zama raini sai na dama sitati ɗan kaɗan na fesa mata. Nan ne ta sallama. Wani abin mamaki kuma, ina gogewa tana girma. Da na fara, rabin tebur ta ci. Da na kai tsakiya sai da na jawo kujera biyu na tare gefe da gefe don kada ta share ƙasa. Da na gama na rataye ta, ta rufe tagar gaba ɗaya, ɗakin ya yi duhu.

Amma ta yi sumul. Kai, ta yi sumul. Har mai gadin layin na kira ya zo ya gani, wani Bazazzagi mai tumbi da ba ya ganin Bakano irina bai tsokana ba. Ya duba, ya ce wannan ai rumfar biki ce, saura kujeru. Oga ma ya zo, ya tsaya ya daɗe, ya ce da alama yarinyar ta manta girman uwarta. Duk da haka ya yaba, ya ce hannuna na da albarka. Na koma gida ranar ina jin kaina.

Juma'a da hantsi Madam ta dawo. Ina cikin goge kayan makarantar wani gida aka ce tana kira. Na same ta a falo tsaye, rigar na rataye a ƙofa, Oga na kujerarsa, jarida ta riga ta hau.

"Malam," in ji ta, da irin Hausarta, "wane ne ya taɓa wannan riga?"

Na gyara tsayuwa na ce ni ne, kuma ba sai ta gode ba, aikina ne.

Ta dube ni, ta dubi rigar. Ta tambaye ni ina kwalliyar ta tafi. Na ce ban ga wata kwalliya ba, ko zare ɗaya ban cire ba, yamutsa ce kawai na tarar kuma na gama da ita. Ta zauna a hannun kujera kamar an kawo mata labarin rasuwa. Ta ce yamutsar ita ce kwalliyar. Ta ce saboda yamutsar nan ake sayen rigar, da inji ake yin ta, akwai mutanen da albashinsu ke nan. Ta ce 'yarta ta aiko mata hoto, duk matan cocin sun gani a waya, suna jiran Lahadi.

Ta jawo 'yar takardar wuyan ta karanta mini da ƙarfi. Akwai wata kalma a ciki da ta maimaita sau uku, a kunnena dai sikiranc na ji, haka kuma nake faɗarta har yau. Ta ce abin da aka rubuta shi ne kada a goge, a wanke, a yi mata wannan kalmar, a murɗe, a ajiye. Na ce Madam, mene ne shi? Ba ta yi wata-wata ba ta fizge jaridar Oga, ta dunƙule shafi guda a tafin hannunta har ya zama kamar ƙwallo, ta ce wannan ne. Ta nuna fuskarta, wadda a lokacin ta tattare wuri ɗaya, ido da hanci da baki, ta ce wannan ma shi ne. Ta ce in mutane sun takure a bayan mota don wani ya samu wuri, shi ne. In 'yan mata sun jiƙa gashi suna matsa shi da hannu don ya nannaɗe, shi ne. Har ƙarar tsakuwa in an taka, ta ce wasu haka suke ce mata.

Na ce a raina Turawa na fama da talaucin magana. Mu muna da cukuikuyewa, da dunƙulewa, da ƙudundunewa, da yatsine fuska, da takurewa, kowanne da wurinsa, su kuma sun tara duka a kalma ɗaya kamar kayan gwanjo a buhu. Ban faɗa ba. Ba lokacinsa ba ne.

Oga da ya ga ba shi da mafaka, sai ya tuna janareta na buƙatar dubawa, alhali akwai wuta. Ban ce shi ya kawo mini rigar ba. Ko na faɗa ba zai cece ni ba, sai dai mu zama mu biyu a rami ɗaya.

Madam ta miƙo hannu. Na ɗauka rigar take so, ashe wuyana take kallo. Na cire igiyar na ba ta.

"In ya dawo yadda yake kafin Lahadi, ka karɓi makulli naka," ta ce. "In bai dawo ba, ka zo ka kwashe tebur."

Na fito da riga a hannu, da 'yar jakarta. Ba teburin ne ya dame ni ba, tebur na katako ne. Gida goma sha ɗayan nan ne, da shekaruna. Mai shekara hamsin da ɗoriya ba ya fara yawon neman layi da ƙullin kaya a ka.

Na zauna a bencin mai gadi na ce to, abu ne mai sauƙi, ɓarna ce, kowane jariri ya iya. Na kama rigar na dunƙule kamar yadda ta yi wa jarida. Wallahi hannuna ya ƙi. Ina matsawa da dama, sai in ga hagu ta bi baya tana shafewa. Ban aike ta ba. Shekara ashirin da bakwai tana yin haka, ba ta san wani abu ba. Na danne hagun a ƙarƙashin cinya na matsa da dama kaɗai. Da na saki, sitatin da na fesa ya tsaya mini, rigar ta buɗe da manyan layuka biyar ko shida, karkatattu, kamar taswira.

A nan na gane yamutsa iri biyu ce. Akwai ta talaka, wadda ke nuna mutum ya kwana da rigarsa. Akwai ta masu kuɗi, ƙanana-ƙanana, a jere, kowace ta san 'yar'uwarta. Ta talaka nake ta samarwa.

Mai gadi ya gama dariyarsa, ya share hawaye, ya ce dama Bakano sai ya ɓata abu sannan ya tambayi sunansa. Ya ce in kawo mu zauna a kai, shi duk abin da ya zauna wa ba ya sake zama daidai. Muka dunƙule ta a leda, muka ɗora a benci, ya zauna a rabi na zauna a rabi, kafaɗa da kafaɗa kamar ango da abokinsa. Masu wucewa na gaishe mu muna amsawa ba mu motsa ba. Har aka fara kiran sallar Juma'a. Da muka tashi muka duba, ta ƙara lafewa. Ashe nauyi da ɗumi shi ne guga, ni da ya kamata in fi kowa sani. Tumbin Bazazzagi ya yi mata abin da dutsena ya rage.

A masallaci na rasa yadda zan tsara addu'ar. Mutane na roƙon Allah Ya warware musu, Ya miƙe musu al'amura. Ni akasin haka nake nema. Daga ƙarshe na ce Ya Allah, Ka dai san abin da ke cikin ledar nan.

Da na fito sai na tuna Madam ta ce takurewa a mota ma wannan kalmar ce. Na ce to, in akwai wurin da ke yamutsa ɗan Adam da kayansa a Abuja, bayan motar haya ne, inda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku. Na tsaya a bakin babban titi ina zaɓe. Motoci biyu na bari suka wuce don fasinjojin sirara ne. Ta uku na ga wata mata mai jiki da wani ɗan kasuwa riƙe da katan biyu, na shige tsakaninsu, na cusa ledar a bayana. Direba ya ƙara mutum ɗaya. Duk ramin da muka faɗa ina jin daɗi. Matar ta ce in matsa, na ce ta yi haƙuri, ita ta ƙara matsowa. Ta dube ni ta riƙe jakarta da kyau.

Har unguwar Dutse na je, na dawo, na sake komawa. Da na sauka na duba kaina, kaftanina na Juma'a, wanda na goge da asuba, ya yi irin yamutsar nan ƙanana-ƙanana, a jere, ba abin da ya rage. Na buɗe leda. Rigar Madam ta ƙara layi uku.

Yanzu dole in yi maganar matata. Shekara ashirin da biyu muna tare, kuma rigimarmu ɗaya ce tun amarci: ba ta iya ajiye tufa ba. In ta kwaso shanya, murɗewa take ta cusa a babbar jaka, ta danna da gwiwa, ta ja zif. Zanin da ya shiga jakar nan in ya fito ko uwarsa ba za ta gane shi ba. Na yi faɗa, na yi nasiha, na taɓa kai ƙara wurin yayanta. Abin da nake yawan ce mata shi ne hannunta ba na mutane ba ne, duk abin da ya taɓa sai ya tsufa. Ita kuma takan ce ai gidan mai guga ne, in kowa ya iya ninki me zan ci.

Na isa gida kafin magariba, na zauna a tsakar gida, na ba ta labari tun daga jakar safa har motar haya. Ban kai ƙarshe ba ta nemi turmi ta zauna a kai. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce in sake faɗin wurin da muka zauna da mai gadi. Na sake faɗa. Ta ɗauki rigar ta murza tsakanin yatsu, ta shinshina, ta ce sitati ne ya hana, kuma a bushe ba a yi wa tufa komai, ko ita sai da ɗan damshi take cusawa. Na ce ashe da gangan take yi. Ta ce ba wannan ake magana ba yanzu.

"Malam, zan yi maka," ta ce. "Amma ka fara faɗa. Hannun wa ake nema yau?"

Na ce nata.

"Na mutane ne ko ba na mutane ba?"

Na ce na mutane ne. Ta ce ba ta ji ba, kaji na surutu. Na sake faɗa da ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Asabar da safe ta wanke rigar ruwa uku, har santsin sitatin ya fita. Awa huɗuna na bin rariya ina kallo. Ta ba ni wuyan ta riƙe ƙasan, ta ce in murɗa dama ita ta murɗa hagu, kamar muna matse bargo. Muka yi ta murɗawa har rigar ta zama igiya, igiyar ta fara naɗe kanta, ta ninka biyu, ta sake ninkawa. Ina jin kowane zare na kuka. Na ce ta sassauta kada ya yage. Ta ce in ba zan iya kallo ba in rufe ido, hannu kawai take so. Na rufe. Ta ce in ina neman misali in je in dubi fuskata a madubi, shekara ashirin da biyu take kallon irin aikin da ake so a goshina. Ta ƙulle abin da tsummoki, ya dawo dunƙule ɗaya kamar curin fura babba.

Saura bushewa, a nan kuma muka tsaya. Sama ta haɗe tun safe, ba rana ba alamarta. Curin nan ko kwana uku ya yi a igiya cikinsa ba zai bushe ba, in kuma aka warware da ruwa a jiki, yamutsar zubewa za ta yi. Na ce bari in hura gawayi a tsohon dutsena in ɗan ɗora a kai, sama-sama, don ɗumi kawai. Ta buge mini hannu. A gaban yara.

Maƙwabciyar nan da ta leƙo jiya, tsohuwa ce 'yar asalin garin, maginiyar tukwane, Kaka muke ce mata. Ta ji komai, don katangarmu ba ta riƙe sirri. Ta kira matata ta ce a kawo abin. Ashe ta gasa tukwane da sassafe kafin hadari ya taso, suna nan a cikin toka a rumfarta da sauran zafinsu. Ta ce sabuwar tukunya ƙishirwa gare ta, duk ruwan da ya taɓa ta sai ta shanye. Ta sa aka naɗe curin a tsohon farin ɗankwali don kada jar ƙasa ta kama shuɗin, ta jefa a wata tukunya mai ɗumi, ta kife da kasko. Ta ce in wannan ta huce in mayar a ta gaba, in juya shi, kuma kada in kuskura in kwance ƙulli don leƙe. Ta ce ta san irina, masu buɗe tukunya kafin ta nuna.

Tun hantsi har bayan la'asar ina tsugune a rumfar Kaka ina gadin tukunya. Yayyafi na sauka, hayaƙi na shiga ido. Tukunya biyar na canza. Masu zuwa sayen tulu na tambaya me mai guga ke dafawa, Kaka na ce musu riga, ba ta ƙara komai. Wani Bafulatani da ya kawo nono kasuwa ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya tambaya cikin ladabi ko maganin wani ciwo ne. Na ce eh, nawa.

Da Kaka ta taɓa curin ta ce ya yi, matata ce ta kwance. Ta kama kafaɗun ta girgiza sau ɗaya. Rigar ta sauko, ta tsuke, ta koma rabin faɗinta na jiya, tamoji dubu a jere daga wuya har ƙasa, ƙanana-ƙanana. Matan rumfar suka yi ta yabawa. Aikin ya yi kyau, na gani, amma kamar a nuna wa mahauci naman da ya ruɓe a ce masa haka ake so. Ga ƙaurin hayaƙi da ƙanshin sabuwar tukunya ya kama ta, ba kuma halin sake wankewa.

Matata ta murɗe ta ta cusa a 'yar jakar, ta danna da babban yatsa, tana kallona. A mota sau biyu na kama hannuna na hagu ya shiga jakar yana shafa. Na zauna a kansa har Gwarimpa.

Rana na shirin faɗuwa na yi sallama. Madam ta karɓi jakar ta shige ciki. Oga na kujerarsa da sabuwar jarida. Ya sauke ta kaɗan, iyakar ido, ya ɗaga mini gira. Na ɗaga kafaɗa. Muka yi ta jira, agogon bango na tafiya.

Ta fito sanye da ita. Ta zauna mata cif, ba rumfar biki ba ce kuma. A idona dai kamar matar da mota ta lalace musu ta kwana a tasha, amma ta tsaya gaban gilashin kabad ta juya dama, ta juya hagu, ta ɗaga waya ta gwada da hoton da 'yarta ta aiko. Sai ta kai hanci kafaɗa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya, yanzu kuma na san sunan abin da Turanci. Ta tambayi warin mene ne. Na ce ba wari ba ne, tukunya ce, na faɗa mata gaskiya duka, da Kaka, da toka, da ɗankwali. Wurin mai gadi kawai na tsallake.

Ta sake shinshinawa, a hankali wannan karon. Ta ce haka ɗakin mamarta yake ƙanshi a ƙauye, lokacin damina. Ta ce ba za ta fesa turare ba, wanda bai so ba a coci ya canza benci.

Oga ya ninke jarida ya yi gyaran murya. Ya ce shi dama tun da ya ga rigar nan ya san ba irin ta guga ba ce.

Madam ta juyo gaba ɗaya. Ta tambaye shi wa ya fito da jakar daga cikin kabad ɗinta, tunda mai guga ba ya shiga ɗakin kwana. Ta ce mai gadi ya ba ta labari tun jiya, har da zaman benci. Jarida ta hau.

Ta ɗauko igiyar makullin daga kan talabijin ta ajiye a tebur gabana. Ta ce daga yau duk abin da na ga ya yamutse fiye da hankali, in tambaya tukuna. Na ce to. Ta ce in gai da matata, ita ce mai aikin. Wannan saƙon ban isar ba, amma ya isa, ta bakin wa ban sani ba.

Lahadi ba na aiki. Amma wannan Lahadin tun da sassafe na hau mota na zo, na buɗe ɗakina, na shimfiɗa bargo a tebur, na jona dutse. Da na ji ƙarar takalmin Madam ta fito za ta coci, na juya fuskata bango har motar ta fita daga layi. Sannan na je na ƙwanƙwasa wa Oga, na ce ya ba ni duk hankicin da yake da su a gidan, wankakku da gogaggu. Ya kawo guda tara bai tambayi dalili ba. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, na ninka kowanne gida huɗu. Da na gama na warware su na sake.